Sabon Kaskon Iya Kimki

Duk wanda ya san Iya Kimki a garin Puli ya san ba ta kwana a waje. Ba tsoro ba ne, ba kuma ciwon ƙafa ba, kasko ne ya ɗaure ta. Tun autanta Chinfa yana ɗan yaye wani zazzaɓi ya kwantar da shi har aka fara cire rai, ta durƙusa gaban gunkin Kuan-im, allahiyar jinƙai a wurinsu, da turaren tsinke a hannu ta yi bakance: in yaron nan ya tashi, bakinta ya rabu da duk wani abu mai rai har ƙarshen rayuwarta, haka tafarnuwa, haka albasa da lawashinta. Yaro kuwa ya tashi. Yau ga shi ya haura hamsin da tumbinsa a gaba, kuma don ƙarin haushi gasasshiyar agwagwa yake sayarwa a bakin kasuwa.

Masu irin wannan bakance suna da yawa a ƙasar, kuma suna yawonsu lafiya lau, don ko'ina ka je akwai gidan abincin da ba ya taɓa nama. Amma Iya ta ɗauki nata da zafi. Ba abin da ke cikin kwano kaɗai take tambaya ba, har tarihin kaskon da aka soya shi sai ta ji. Nata kaskon kuwa, wanda ta yarda da shi, marigayi mijinta ne ya dasa shi cikin murhun bulo ya like da siminti, faɗinsa ya kai tayar mota. Saboda haka iyakar tafiyarta ita ce inda ƙunshin shinkafa zai kai ta ta dawo gida kafin yamma.

Yuelan, babbar 'yarta, ita ke zaune da ita. Tela ce, mace mai taurin kai irin na uwar, abin da ya sa kullum suna cikin 'yar tsama. Ita ce ta kai Iya wurin likitan ido, ita ce kuma likitan ya ja gefe ya gaya wa gaskiya: ganin yana tafiya, ba zai dawo ba. Yanzu manyan abubuwa masu haske kawai take gani, su ma ba za su daɗe ba.

Wata rana da la'asar Iya tana tsince wake da laluben yatsu, sai ta ce rana a Puli ba ta da kunya, da sauran ƙarfinta take laɓewa bayan dutse. A Anping inda aka haife ta, in ji ta, sai ta yi jawur tukuna ta gangara cikin teku kana kallonta har ta nutse. Ta faɗa ne kawai kamar mai zancen farashin kabeji, ta ci gaba da tsintar wakenta. Keken ɗinkin Yuelan ya tsaya. Abin ya soke ta a zuciya, don tun da aka kawo Iya cikin duwatsun nan tana amarya ba ta sake ganin faɗuwar rana a teku ba. Ko lokacin rasuwar iyayenta, da safe ta je, da azahar ta juyo.

Da Yuelan ta gaya wa ƙanenta za ta kai Iya hutu bakin teku, su kwana, su ga rana, washegari su hau tsohuwar ganuwar Anping da wani tsohon sansani mai igwa, Chinfa ya yi dariya har sai da ya ajiye wuƙar yankan agwagwa.

"Yaya, ke da kanki? Kaskon za ki goya, ko murhun za mu ɗora a mota?"

Ta ce masa ya bar wannan a hannunta, shi dai ya wanke motarsa, don wari take kamar cikin tanda. Shi kuwa da bakinsa bai san linzami ba, a gaban matarsa da masu sayen agwagwa ya ɗaga hannu ya ce in har Iya ta kwana a Anping, to shi ma ganyenta zai ci daga ranar har sabuwar shekara. Yuelan ta juya ta kalli mutanen ɗaya bayan ɗaya ta ce su zama shaida.

Daga nan ta shiga shiri. Ta rufe shago ta hau bas ita kaɗai zuwa Tainan, birnin da Anping take a gefensa, don ta ga komai da idonta. Masauki bai ba ta wahala ba. Ta samu wani ɗan gida a bayan itatuwan da ke kare iska, yana da tsakar gida da famfo, daga ƙofarsa kana jin ƙarar ruwa. Ta je ganuwar ta duba matakala, ta ga inda tsohuwa za ta huta a inuwar saiwoyin da suka rungume jan bulon. Abinci ne ya so ya gagare ta. Gidan farko da aka nuna mata wasu samari ne suka buɗe, da kiɗa da fitilu, sun rubuta a ƙofa cewa ba nama ba kifi. Tana sa ƙafa ƙamshin tafarnuwa ya mare ta, ta juyo ba ta ko zauna ba. Na biyu yana bayan wani ɗakin bauta, tsofaffin mata ne ke girki, wuri tsaf, ba albasa ba komai. Ta dawo Puli da murnarta.

Iya ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta yi tambaya ɗaya: kaskonsu, sabo suka saya ko gado suka yi? Yuelan ta buga waya. Matar da ta ɗauka, baiwar Allah mai gaskiya, ta ce ai tare da shagon suka same shi, mai shagon na farko kifi yake soyawa, amma an yi shekaru. Iya ta ce to, ta jawo tiren wakenta.

Da wata ce, da tuni ta haƙura. Yuelan ta cije ta ce shi ke nan, za a sayi sabon kasko, ta yi girkin da hannunta a masauki. Iya ta ce na kanti dai a'a, don da wani mai ake shafe su a masana'anta wanda ba wanda ya san asalinsa. Yuelan ta ce to na maƙera fa, wanda aka buga da guduma, daga wuta sai hannunta? Nan Iya ta yi shiru. A gidan nan kuwa shirun Iya shi ne amincewa, kowa ya sani.

Ta sake komawa Tainan, ta nemo wani tsohon maƙeri a wani lungu, mai nauyin kunne saboda ƙarar ƙarfe. Da ihu-ihu ta yi masa bayani cewa kasko take so marar nauyi, na mahaifiyarta ne, 'yar Anping ce, ta haura tamanin, za a kawo ta ta ga teku kafin idonta ya rufe. Tsohon ya ajiye guduma, ya share fuska da gefen riga, ya ce tasa uwar ba ta samu mai yi mata haka ba. Ya ce ta zo ranar tafiyar ta karɓa, zai buga mata wanda bai taɓa buga wa kowa ba. Zancen bakance bai zo ba. Me zai kawo shi? A wurin Yuelan sabon abu sabo ne.

Ranar tafiya Chinfa ya zo da mota tana ƙamshin sabulu, duk da haka Iya ta sa aka sauke gilasai. An loda awara, ganyen dankali, citta, man gyaɗa, taliya da ɗan murhun gas. Duk hanya Chinfa yana tsokana, yana tambayar Yaya ko ta tanadi kuɗin man dawowa da yamma. Iya ta ci ƙunshin shinkafarta a mota da rana, ta ce ita fa tekun daga cikin mota za ta gani, kada wanda ya ja ta cikin rairayi ta karye a banza.

A lungun maƙera Yuelan ta sauka da gudu don ba wurin ajiye mota. Tsohon ya miƙo mata kaskon a naɗe cikin jarida, baki har kunne, ya ce ya yi mata wata 'yar alfarma kyauta, saboda tsohuwa. Chinfa yana ta danna oda a waje. Ta yi godiya ta fice, ba ta tambayi wace alfarma ba.

Sun isa masauki rana ta fara karkata. Aka zaunar da Iya a kujera a tsakar gida, Yuelan ta ɗora mata ƙunshin a cinya kamar mai miƙa jariri. Iya ta warware jaridar a hankali, ta shafa cikin kaskon da tafin hannu, ta murza yatsunta biyu, ta kai hanci. Kaskon baƙi ƙirin ne, sai sheƙi yake.

"An buɗe shi," in ji ta.

Yuelan ta sunkuya ta duba kaskon. Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Kowane gida a ƙasar nan, in an sayi sabon kaskon ƙarfe, da kitsen alade ake buɗe shi, a ɗora shi a wuta a goge cikinsa da kitse har ya sha, a bi da lawashi don ya kashe ƙarnin ƙarfe. Yaro ma ya san wannan. Ita ce dai ta tashi a gidan da ba a taɓa yin haka ba. Tsohon kirki ya ga uwa ce, ya ce bari ya hutar da su, ya zage ya yi aikin da kyau.

Ta buga masa waya. Da ƙyar ya ji ta, da ya gane kuwa sai ya shiga ba da haƙuri. Ta tambaya ko akwai wanda bai buɗe ba. Ya ce da ya ga kitsen ya yi saura, duk sauran da ke shagon ya bi su ya goge.

Iya ta naɗe kaskon cikin jaridarsa, ta ajiye a ƙasa nesa da ƙafarta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce wa Chinfa ya tada mota, in sun kama hanya yanzu za su isa gida ta ɗora tukunya. Ta miƙe da sandarta, ta lallaba ta shiga mota ta zauna. Chinfa da ya ci caca bai yi dariya ba. Ya tsaya yana juya makulli a hannu, ya kasa haɗa ido da yayarsa.

Yuelan kamar ta haɗiyi zuciya. Ga teku nan a bayan itatuwa tana jin ƙararta, ga rana tana gangarowa, a ce a juya saboda ɗan kitsen da bai cika cokali ba? Tana tsaye tana huci sai wani tsohon labari ya dawo mata, irin wanda Iya ke maimaitawa har su gaji da ji. Kakarsu a nan Anping matar masunci ce, kasko ɗaya gare ta, kullum cikin kifi yake. Amma duk farkon wata da tsakiyarsa ba ta cin mai rai. In ranar ta zo sai ta ɗauki kaskon ta gangara bakin ruwa, ta ƙona shi har ya yi ja, ta dirje shi da rairayi, ta dawo ta yi girkinta.

Ta shiga wurin mai masaukin ta aro kurfoti da gawayi da awartaki. Ta ce wa Chinfa ya matsa da motar har ƙarshen hanya inda rairayi ya fara. Ya buɗe baki zai yi magana, ta yi masa wani kallo, ya shiga ya ja mota. Da suka tsaya ta leƙa tagar Iya ta gaya mata abin da za ta yi.

Iya ta ce, "Wannan na uwata ne, na kwana biyu a wata. Nawa bakance ne."

"To, Mama, ki faɗa mini da bakinki cewa abin da Kaka ta dafa ba a karɓa ba, sai mu tafi gida yanzu."

Iya ta motsa baki, ta kau da kai. Ba ta faɗa ba, ba ta kuma ce a tafi ba.

Yuelan ta kafa kurfoti dab da motar, inda komai zai shiga kunnen tsohuwa. Chinfa ya tuɓe riga ya kama fifita da murfin kwali, mutumin da wuta ce sana'arsa, nan da nan gawayi ya kama. Aka kife kaskon a kai. Hayaƙin kitse ya tashi da wani irin ƙauri, Iya ta toshe hanci da gefen mayafi. Baƙin ya ƙone ya koma toka-toka, gindin ya fara ja. Yuelan ta sauke shi da awartaki, ta jira ya ɗan huce, sannan ta ɗebi busasshen rairayi na nan gefen hanya, mai haɗe da ganye da tsinke, ta watsa a ciki ta shiga gogawa da tsumma, sama-sama, kamar mai share ƙurar tebur.

Ta san sarai ba haka ake yi ba, ta ji labarin ya fi a ƙirga. Amma ta san uwarta. Iya za ta iya jure yunwa, za ta iya jure makanta, abu ɗaya ne ba ta iya jurewa, a yi aiki ba daidai ba a gabanta.

Ba a jima ba murya ta fito daga mota tana tambayar wane irin rairayi ne wannan mai ƙarar garin masara. Yuelan ta ce rairayi dai, ai duk ɗaya ne. Iya ta ce ɗanye ake sawa, na bakin ruwa, wanda igiyar ruwa ta janye ta bari yanzu-yanzu. Yuelan ta aiki Chinfa ya ɗebo a bokiti, ta ci gaba da shafa kaskon a hankali kamar tana tsoron kada ya ji ciwo. Iya ta ce da dunƙulen hannu ake yi, a bi shi zagaye daga tsakiya. Yuelan ta bi shi a tsaye, daga baki zuwa baki.

Sai ƙofar mota ta buɗe.

"Ba ni nan. Kin girma kin tsufa, kasko ma ba ki iya wankewa ba."

Ta ture bokitin da sanda, ta ce wanda aka ɗebo ya riga ya tsane, su kai ta wurin ruwan. Chinfa ya riƙe ta ta dama, Yuelan ta hagu da kasko a ɗaya hannun. A tsakiyar rairayi Iya ta tsaya ta cire silifas ɗinta ta miƙa wa ɗanta. Da suka isa inda ƙasa ta yi sanyi ta tsuguna da kanta, ta damƙo ɗanyen rairayi ta zuba, ta shiga dirza da dunƙulen hannu, ƙarfe yana kuka. Igiya ta zo ta rufe mata idon sawu ta jiƙa bakin wandonta. Ta ɗan ja numfashi, amma ba ta matsa ba. Ta bari ta biyu ta zo ta ɗauraye kaskon, ta sa aka mayar da shi wuta, aka dawo da shi ta sake dirjewa. Sai da ƙarfen ya fito fari tas, ta shinshina ciki da baya da gindin mariƙi, sannan ta ce a kawo ruwan daɗi da citta.

A nan bakin ruwa ta buɗe kaskonta yadda take so. Aka ɗauraye gishirin, aka ɗora a wuta, ta zuba man gyaɗa ta bi shi da yankakkiyar citta har ƙamshi ya cika wurin. Ta ƙi yarda a koma masauki, ta ce wa zai bar wuta mai kyau haka. Chinfa ya yi ta safa da marwa yana kwaso kaya daga mota, yana haki, yana busa yatsan da ya ƙone. Iya ta soya awara ta yi ja ta ko'ina, ta watsa ganyen dankali, ta juye taliya a kai. Yuelan tana miƙo mata abin da ta nema, hawaye yana zuba, ta ce hayaƙi ne. Ƙarya take, daɗi ne ya yi mata yawa.

Suka zauna a kan tabarmar mota, kowa da kwanonsa da tsinkayensa na cin abinci. Iya ta kai loma ta farko, ta tauna, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Daga nan ta ɗaga kai, sai tsinkayen suka tsaya a hannunta. Rana ta sauko dab da ruwa, ƙatuwa, jawur, ba dutse ba gini a gabanta.

Yuelan ta matso za ta fara kwatanta mata, kamar yadda ta saba yi da komai a 'yan watannin nan. Iya ta dafa mata gwiwa.

"Yi shiru. Wannan da kaina nake ganinta."

Suka zuba ido har ranar ta taɓa ruwa, ta nutse rabi, ta tafi duka. Iya ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ƙarasa taliyarta da ta huce, ta sa aka goge kaskon aka shafa masa mai, ta rungume shi a ƙirji ta ce ba mai riƙe mata. A hanyar komawa mota ta tambaya ko har yanzu akwai ramin nan a jikin ganuwa, ta gefen saiwoyi, inda suke ɓoye 'yan duwatsun wasansu suna yara. Yuelan ta ce ba ta lura ba. Iya ta ce ai ba za ta lura ba, gobe da safe za ta nuna mata, a dai jiƙa shinkafar kunu tun yanzu.

Chinfa ya tsaya cak da kurfoti a hannu. Ya ce wai gobe a nan za a karya? Yuelan ta ce a nan, kuma sabuwar shekara da sauran tafiya, ga matarsa da rabin kasuwa shaida. Ya fara cewa ai wasa yake, mai sayar da agwagwa ina shi ina ganye. Iya ba ta ko waiwayo ba.

"Ni na yi maka shekara hamsin," in ji ta. "Ɗauko silifas ɗina."